Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Gidan Silimar Palace da Sauran Gidajen Kallon Kano da Suka Ɓace

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, Gidan Ɗan Hausa, ta hannun Mai Girma Kwamishinan Al'adu da Yawon Buɗe Ido.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka damƙa muku, ina rubuto wannan takarda ne a madadin wasu dattawa da muka yi samartakarmu a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwannin cikin birni da Fagge a shekarun 1970 da 1980. Tare da mu akwai 'ya'yan mutanen da suka ci abinci a gidajen silima, masu yankan tikiti da masu kunna inji da masu gadin ƙofa, akwai kuma 'yan makaranta da ke zuwa wurinmu da tambayoyin da ya kamata a ce amsarsu tana rubuce a wani wuri. Ba mu da rajista, ba mu da ofis, kuma ba kwangila muke nema ba. Abin da ya tara mu shi ne ganin yadda tsofaffin gidajen kallon Kano suke komawa shaguna da ɗakunan ajiyar kaya ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka san labarinsu kuma suna bin juna zuwa makwanci, alhali ba a tsaya an ɗauki bayani daga bakinsu ba.

Tun da wuri ina so in kawar da wani zato. Ba mu zo neman a sake buɗe Palace, gidan silimar da aka mayar asibiti, ba, ba mu kuma ce a tashi marasa lafiya daga wurin a mayar da allon kallo ba. Wanda ya rufe gidan yana da hujjarsa, mu ma shaidu ne a kan wani sashe nata. Kukanmu a kan tarihin wurin ne, da na 'yan uwansa, da na wasannin da aka yi a cikinsu.

Kafin a gina ɗakin kallo a Kano, jama'a sun san majigi, motar gwamnati da ke bin garuruwa tana haska hotuna kyauta a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi don koyar da tsafta da noman gyaɗa da auduga. Gidan farko da aka gina musamman don kallon biya shi ne Rex, wanda wani ɗan kasuwa ɗan Labanan ya buɗe a 1937 a Waje, nesa da idon mutanen birni. Daga baya El-Duniya ya biyo. Muddin abin yana bayan ganuwa, Kanawa sun ɗauke shi harkar Turawa da baƙi da 'yan iska, masu tsine masa suna yi daga nesa. Rigima ta taso ne sa'ad da aka ba da izinin gina Palace a Jakara, dab da Kasuwar Kurmi, a tsakiyar birni, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamai da iyaye suka ƙi amincewa, matasa suka fito jifa, har sai da aka sa 'yan doka suka kama wasu. Ana cikin wannan taƙaddama ne gobarar El-Duniya ta auku a 1951, ta ƙara wa masu adawa ƙarfi. Duk da haka aka buɗe Palace a 1952, ya kuma yi shekara 31 yana aiki, har Gwamna Sabo Bakin Zuwo, wanda shi ma ɗan cikin birni ne, ya rufe shi a 1983 cikin 'yan watanni uku da ya yi yana mulki, ya mayar da shi asibiti. A lokacin gidan ya riga ya zama matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye, kuma mutanen unguwa da dama sun yi wa gwamnan addu'a a kan wannan mataki.

A tsakanin waɗannan shekaru gidaje suka yawaita: Plaza, Orion, Queens, Wapa, Eldorado, daga baya Marhaba da wasunsu. Mafi yawansu ba su da rufi, katanga ce doguwa da farin bango a gaba, don haka sai duhu ya shiga ake fara haskawa, in hadari ya taso kuma kowa ya san abin da ya saya. Kujerun baya sun fi tsada, bencin gaba na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a nan ne ihu da fito suka fi tashi idan faifai ya tsinke a tsakiyar faɗa. A ƙofa akwai mai shayi, mai tsire, mai rake, da yaran da ba su da kuɗin shiga suna jingine da katanga suna sauraren waƙa. Finafinan Indiya su ne suka mamaye mafi yawan darare, na Sin da na Amurka suka raba sauran. Fim ɗin nan na 1957, Mother India, an yi ta maimaita shi a Kano shekaru da yawa, har aka sami mutanen da ba su jin kalma ɗaya ta Indiyanci amma suna riga jaruma faɗin abin da za ta faɗa.

Abin da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi damunmu, shi ne waɗannan gidaje ba fim kaɗai aka nuna a cikinsu ba. A garin da ba shi da zauren taro mai ɗaukar mutum ɗaruruwa kuma mai ƙofar karɓar kuɗi, gidan silima shi ne dandamali. Manyan makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata sun yi wasan tikiti a gidajen silima na garuruwan Arewa, 'yan kama da 'yan gambara sun samu wurin baje kolinsu, ƙungiyoyin samari kuma sukan kama gida da rana, musamman a bukukuwan Salla, su yi wasan daɓe kafin lokacin fim ya yi. Kwaikwayo kuwa ba baƙo ba ne a Kano. Muna da tashe a watan azumi, muna da wasan gauta a fada, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 yana sukar zaluncin masu mulki da su, Ɗan Masanin Kano Alhaji Maitama Sule kuma ya horar da ɗalibansa wasan kwaikwayo tun yana malamin makaranta. Gidan silima ne ya haɗa wannan tsohuwar al'ada da sabon salo da samari suka gani a allo.

Bari in ba da misali ɗaya da idona ya gani. Ba da daɗewa ba bayan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ƙungiyarmu ta shirya wasa a kan wani mai unguwa da ke karɓar haraji sau biyu daga hannun mutum guda. Mun yi gwaji a ajin wata firamare da fitilar ƙwai, ba mu da rubutaccen wasa, sai jerin fitowa a littafin makaranta mai shafi arba'in, kowa ya san halin wanda yake kwaikwaya, magana kuma tana zuwa a bakinsa. Babbar rigar mai unguwa aro ce daga mahaifin ɗayanmu, gemunsa gashin rago ne da aka manna da ƙaro, matar talaka kuwa namiji ne ya ɗaura zane, don a lokacin ba uban da zai bar 'yarsa ta hau dandamali. Mun yi wasan a siririn dakalin da ke ƙarƙashin allo a ɗaya daga cikin gidajen Waje, da lasifika guda a rataye. Da aka zo inda talaka ya kwance ƙullin hularsa ya fito da tsohon rasit, ya shimfiɗa shi a ƙasa gaban dogari ba tare da ya ce uffan ba, sai gidan nan da ba ya rabuwa da hayaniya ya yi tsit, domin kusan duk wanda ke zaune ya taɓa ganin mahaifinsa a wannan hali. Bayan an tashi dattawa suka riƙa zuwa suna dafa kan yaron da ya fito a talakan suna sa masa albarka. Wannan wasa ba shi da hoto, ba shi da kaset, littafin ma ya ɓata, kuma yawancin waɗanda suka yi shi sun riga mu gidan gaskiya. Irinsa an yi ɗaruruwa a Kano, waɗanda suka fi namu kyau nesa ba kusa ba.

Daga waɗannan ƙungiyoyi ne aka sami 'yan wasan da suka cika akwatin talabijin sa'ad da NTA Kano ta kafu, da kuma bayan an buɗe CTV a 1982, wadda yau ake kira ARTV. Ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa daga daɓe suka faro, kuma Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa shi farkon finafinan Hausa na bidiyo. A shekarun 1990 kuma gidajen silima ne wurin da ake fara haska sabon fim ɗin Hausa lokacin Salla kafin ya shiga kasuwa a kaset. Wato sana'ar nan da a yau take ciyar da dubban mutane, ake kallonta daga Yamai har Kumasi da Khartum, tushenta yana cikin waɗannan katangu da ake rushewa.

Kukanmu na farko, ranka ya daɗe, shi ne wuraren suna ɓacewa ba alama. Yaro zai ce wa mai adaidaita sahu ya sauke shi a Wapa ko Plaza ko Orion, ka tambaye shi mene ne abin da ake kira haka, ya ce maka sunan wuri ne kawai. Wapa a wurinsa kasuwar 'yan canji ce. Matar da ta kai ɗanta asibitin Jakara ba abin da zai sanar da ita cewa birni guda ya taɓa rabuwa biyu a kan wannan fili. Mai gida yana da ikon sayar da gidansa, ɗan kasuwa yana da ikon gina shaguna, ba mu ja da wannan ba. Amma kafin katafila ta shiga, awa guda ta isa a ɗauki hoton gini ciki da waje, a auna shi, a cire allon suna da tagar tikiti a adana. Idan ba a yi haka ba, duk wanda zai rubuta tarihin birnin nan na ƙarni na 20 zai dogara ne da ƙwaƙwalwar tsofaffi kaɗai, ita kuwa tana gajiya. Abin da aka rubuta mai zurfi a kan batun, kamar binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu da na Brian Larkin, yawancinsa da Turanci yake, a littattafai da mujallun da ɗan Jakara ba zai taɓa cin karo da su ba. Labarin unguwarsa ne, amma sai ɗalibin wata ƙasa ya fi shi saninsa.

Na biyu ya fi nauyi a zukatanmu, kuma ina roƙon a karanta shi da natsuwa. Ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a ɗakin injin El-Duniya. Faifan fim na wancan zamani abu ne mai saurin kamawa, gidan kuma rufaffe ne, wutar ta bi rufi, jama'a suka yi ƙofa a lokaci guda suka danne juna. Cikin mutum kusan 600 da ke ciki, 331 suka rasu, yawancinsu samari. Gwamnatin lokacin ta kafa kwamitin bincike, ya kuma fitar da rahoto. A gari kuwa jita-jita ta bazu cewa azaba ce ta sauka saboda abin da aka nuna a fim ɗin, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata. Saboda kunyar wurin da abin ya faru, gidaje da yawa suka haɗiye baƙin cikinsu, ba a son a ce ɗan gidan wane a silima ya mutu. Na san wata tsohuwa a unguwarmu, Allah ya ji ƙanta, da ta rasa ƙaninta a ranar, kuma har ta koma ga Mahaliccinta in ta zo ambatonsa sai ta rage murya ta ce ya rasu a gobarar nan, ba ta ƙarawa.

Yau fiye da shekara 70 ke nan. Mutum 331 a yini ɗaya babbar musiba ce a tarihin kowane birni, kuma waɗannan 'ya'yan mutane ne, masu dako da teloli da 'yan makaranta da leburorin jirgin ƙasa, hukuncinsu yana wurin Allah, haƙƙinsu a kanmu kuwa addu'a ce da ambato na alheri. Shirun da aka yi ya jawo hasara iri biyu. Jikokinsu sun tashi ba su san yadda aka yi ba, birni kuma ya rasa darasin da ya saya da tsada. Duk wanda ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na unguwanni a daren babban wasa, rumfar kwano cike maƙil, ƙofa ɗaya ƙarama, janareta da jarkar fetur a bakinta, wayoyin lantarki a saƙale a sama, zai gane cewa abin da ya kashe mutanen El-Duniya bai tafi ko'ina ba. Haka wasu ɗakunan biki da ake kulle ƙofofin gefe don hana 'yan kutse. Garin da ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 bai kamata a ce sai an tuna masa da wuta ba, amma labarin 1951 ya fi kowace sanarwa shiga jiki da a ce ana koyar da shi.

Na uku, masu labarin suna ƙarewa, kayan shaida kuma suna lalacewa. Ɗan Masani ya rasu a 2017, Ƙasimu Yero ma a shekarar, Samanja Mazan Fama a 2023. Waɗannan sanannu ne, an yi hira da su, an sami abin da aka samu. Waɗanda ba a sani ba fa? Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana kunna inji a gidajen silima. Yana da manyan littattafai irin na 'yan kasuwa da yake rubuta sunan kowane fim, da ranar da aka nuna shi, da adadin tikitin da aka yanka, har da daren da ruwa ya kori mutane da ranar da wani makaɗi ya kama gidan. Bayan rasuwarsa na je gaisuwa na tambayi iyalinsa, suka buɗe mini akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye, sai bangon littattafan da 'yan gefen shafuka da ake iya karanta rabin kwanan wata. Iyalinsa ba su da laifi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa takardun tsoho dukiya ce, ba su kuma san inda za su kai su ba. Akwatuna irin wannan suna nan a gidaje da yawa a Fagge da Sabon Gari da cikin birni, da fastoci, da hotunan ƙungiyoyi, da katin zama memba, da kaset na rediyo.

Haka zancen yake ga tsofaffin kaset na wasannin talabijin na shekarun 1970 da 1980. Kaset ba ya jure zafi da ƙurar Kano har abada, injinan da ke karanta shi ma sun zama abin nema. Amma ceto yana yiwuwa idan an tashi da wuri, kuma muna da hujja. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da an ƙara wasu shekaru ba a buɗe ɗakin nan ba, da sai dai labari.

Na huɗu gajere ne. Wasan daɓe ya koma makarantu da jami'o'i, samarin unguwa da ke son su yi kuwa sai su kama ɗakin biki a farashin masu aure, abin da ba za su iya ba. Shi ya sa yaro mai basira yake tsallakawa kai tsaye gaban kyamarar waya bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyar ya koyi yadda ake riƙe su da murya da motsi ba, kuma ana ganin wannan gibi a aikinsu.

Na san abin da wasu za su ce, don na ji shi daga bakin mutanen da nake girmamawa: silima gidan banza ce, Allah ya raba mu da ita, me za a tuna? Wannan ra'ayi yana da rai, mun ga ƙarfinsa a watan Disamba na 2000 da gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim bayan ƙaddamar da Shari'a, kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, mun kuma sake gani a 2016 da aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa saboda adawar malamai da jama'a. Ba mu raina shi ba, da yawa cikinmu ma da girma ya zo mun hana 'ya'yanmu abin da mu muka yi. Amsarmu ita ce rubuta abu daban, yarda da shi daban. Malaman da suka adana tarihin sarakunan Kano ba su goge Barbushe da Tsumburbura ba, sun rubuta su a farkon littafi, kuma ba wanda ya zarge su da bautar gunki. Ana kai 'yan makaranta Dutsen Dala a ba su labarin har gobe. Tarihin Palace da muke so a rubuta ya haɗa da hujjar malaman da suka yaƙe shi, da wa'azinsu, da sunayen unguwannin da samarinsu suka fito jifa, da dalilin Sabo Bakin Zuwo, kamar yadda zai haɗa da masu kallo da 'yan wasa. Muhawarar da Kanawa suka yi shekara 31 a kan gini ɗaya tana nuna irin mutanen da suke, da yadda suke auna baƙon abu kafin su karɓa ko su ƙi. Wanda bai san ta ba zai ɗauka rigimar fim a Kano jiya aka fara ta.

Saboda haka muke gabatar da waɗannan buƙatu, muna fatan za a dube su da idon rahama.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ɗaukar bayanin dattawa. Muna roƙon hukuma ta ware ma'aikata ko da biyu ne, da na'urar ɗaukar magana da hoto, su bi tsofaffin 'yan wasa, da masu kunna inji, da masu yankan tikiti, da makaɗan da suka yi wasa a gidajen, da malaman da suka yi adawa, da iyalan waɗanda gobara ta ci idan sun amince. A fara da mafi tsufa da marasa lafiya. Wannan aiki ba ya bukatar gini ko mota sabuwa, kuma Jami'ar Bayero tana da ɗalibai a sassan tarihi da Hausa da wasan kwaikwayo da za su yi murna da a haɗa kai da su. A ajiye kwafi a Gidan Ɗan Hausa, wani a jami'a, don kada ƙaddara ɗaya ta cinye duka.

Muna roƙon a nemo rahoton binciken gobarar El-Duniya da takardun lardin Kano da suka shafi izinin gina gidajen silima daga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a fassara muhimman sassansu zuwa Hausa, a buga ɗan littafi mai araha da boko, in da hali har da ajami. Idan an sami sunayen mamatan a cikin takardun, a fitar da su. Ba gunki muke nema ba, ba kuma wani biki ba: allo ne na rubutu a inda gidan yake, mai ɗauke da kwanan wata da adadin rayuka da roƙon gafara gare su, sa'an nan hukumar kashe gobara ta riƙa amfani da ranar 13 ga Mayu wajen zagaya gidajen kallo da ɗakunan taro tana duba ƙofofi.

Muna roƙon a kafa irin wannan allo a asibitin Jakara da sauran wuraren da gidajen suke ko suka taɓa kasancewa, da Hausa da Turanci, bayan an nemi yardar masu wurin da masu unguwanni. A kuma yi magana da hukumar tsara birni, ta yadda duk wanda zai rushe tsohon ginin taron jama'a za a sanar da ku kafin a ba shi izini, ku je ku ɗauki hoto ku tsame abin da za a iya tsamewa.

Muna roƙon a yi shela a gidajen rediyo cewa duk mai tsohon fasta, ko tikiti, ko hoto, ko littafin wasa, ko kaset, ya kawo a ɗauki kwafinsa a mayar masa da abinsa, a kuma ba shi takardar shaida, domin mutane suna tsoron ba da kayan gado su tafi ke nan. Abin da aka tara a ware masa ɗaki guda, ko a wurinku ko a Gidan Makama bisa fahimtar juna da hukumar da ke kula da shi. A zauna da ARTV da NTA Kano da Rediyon Kano a ƙidaya abin da ya rage na tsofaffin wasanni, a mayar da su na'urar zamani, a nemi shawarar ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, wadda aikinta ke nan.

Daga ƙarshe muna roƙon a buɗe wa ƙungiyoyin samari filin wasa da ke hannun hukuma a lokuta sanannu, ko da a makon Ƙaramar Salla da na Babba ne, da rana, bisa ƙa'idojin da Hukumar Tace Finafinai da malamai za su gamsu da su, a kuɗin da ɗan unguwa zai iya biya. Mu da muka rage a shirye muke mu zauna da yaran mu koya musu abin da muka iya ba tare da an biya mu ba, har mu sake tayar da wasu tsofaffin wasannin daga abin da muke tunawa, a ɗauke su a wannan karo.

A namu ɓangaren mun riga mun fara tattara sunayen dattawan da ya kamata a fara gani da unguwannin da suke, kuma a hannunmu akwai 'yan hotuna da fastoci da katunan ƙungiya da za mu miƙa a ranar da aka kira mu. Muna roƙon a sa mana rana mu zo Gidan Ɗan Hausa mu gabatar da su, kuma in da hali kada a daɗe, domin wasu daga cikin waɗanda ke saman jerin suna kwance ba su fita.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasan daɓe na birnin Kano, a madadin 'yan uwansa.